Sana'ar O.T.: Tsakanin Sunan Makaranta da Ƙwarewar Hannu

Yayana tela ne, ya haura shekara talatin yana kan keken ɗinki. Da hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, muka yi ta jigila da shi zuwa wajen masu gashi har Allah Ya sa ya fara takawa da sanda. Duk gida muka yi hamdala. Shi kuwa murnarsa ba ta kai zuci ba, kuma sai daga baya na gane dalili. Mutumin da ya saba ciyar da gida, ya wayi gari sai matarsa ta zuba masa ruwan alwala, sai ɗansa ya raka shi bayan gida ya ɗaure masa tazuge. Ƙafa ta dawo, amma mutuncin da yake ji a ransa bai dawo ba.

A wani asibitin koyarwa ne aka tura mu wani ɗaki da ke can ƙarshen baranda. Ba ka ganin allura ko kwalbar magani a ciki, sai kofuna, cokula, maɓallai, igiyoyi, madubi da ƙullin laka irin ta wasan yara. Matar da ke aiki a wurin Bayarabiya ce, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, don haka 'yar yayan nawa, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na sakandare, ita ta zama tafinta. Tambayar farko da matar ta yi ba ta shafi ciwo ba. Cewa ta yi a tambayi Baba, a cikin duk abubuwan da ake yi masa yanzu, wanne ya fi so ya fara yi da kansa. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce alwala.

Wannan ita ce sana'ar da Turawa ke kira okufeshonal terafi, ma'aikatan asibiti kuma suke taƙaitawa su ce O.T. Mai gashi yana bibiyar ƙarfin tsoka, motsin gaɓa da tafiya. Mai O.T. kuwa yana bibiyar abin da mutum zai yi da wannan ƙarfin: wanka, sa tufafi, cin abinci, girki, rubutu, komawa kasuwa ko gona, da wasa idan yaro ne. Aikin yau da kullum shi ne burin jinyar, kuma shi ne maganin da ake jinyar da shi.

Na zauna na ga yadda ta yi da zancen alwalar. Ta sa aka kawo buta, ta ce ya yi yadda ya saba, ita kuma tana kallo ba ta ce uffan ba. Ta rarraba aikin gaɓa-gaɓa: zama, ɗaukar buta, karkata ta, tarar ruwa, kai shi fuska. Ta ce a samo bokiti mai famfo a ɗora kan dakali daidai gwiwarsa, a ba shi kujera mai majingina, don hannun hagu ya huta da riƙon buta. Sai aka zo kan wanke hannun hagun kansa. Yarinyar ta yi mata bayani cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, zuba ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai an cuɗa gaɓar. Matar ta yi murmushi ta ce to an sami atisaye: hannun daman da ya raunana shi zai riƙa cuɗa na hagu, sau biyar a yini, ba tare da wani ya tuna masa ba. Ban taɓa ganin takardar magani da majiyyaci ya bi sau da ƙafa kamar wannan ba.

Sauran dabarun ƙanana ne a ido. Idan za a sa riga, hannun da ya shanye shi ake fara zurawa, in za a cire kuma shi ne na ƙarshe. Tazuge aka cire aka sa roba. Cokali aka naɗe mariƙinsa da robar tayar keke har ya yi kauri, don yatsun da ba sa iya dunƙulewa su riƙe shi, saboda Yaya ya ƙi yarda ya zauna da cin abinci da hagu duk da malamai sun gaya masa lalura ce. Ta ɗauko wani fallen roba mai tauri ta tsoma a ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba, ya yi laushi, ta naɗa shi a tafin hannunsa da wuyan hannun, ya sandare da siffarsu. Da shi yake kwana don kada yatsun su ƙanƙame. In ya matse wuri ɗaya fiye da kima, fata za ta yi gyambo, kuma mai shanyewar jiki ba lallai ya ji zafin ba. Ta gaya mana akwai waɗanda bugun ke taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsu, sai su manta da duk abin da ke hagunsu: su cinye rabin kwano su bar rabi, su aske gefe ɗaya na fuska. Irin waɗannan, ido lafiya lau yake, hankali ne ake koya wa waiwaye.

Sana'ar ba ta daɗe a duniya ba. A watan Maris na 1917 mutum shida suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar New York a Amurka suka kafa ƙungiyarta ta farko. Mai masaukinsu, George Barton, mai zanen gine-gine ne da ya sha fama da tarin fuka, aka kuma yanke masa wani sashe na ƙafa, ya ga yadda aikin kafinta da lambu suka taimaka masa ya farfaɗo. A cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton da Eleanor Clarke Slagle. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo da dubban sojoji da raunuka, sai buƙatar sana'ar ta bunƙasa. A Ingila, Dakta Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko, Dorset House, a Bristol a 1930. A 1952 aka kafa tarayyar masu wannan sana'a ta duniya, wato WFOT. A gida ma tunanin ba baƙo ba ne: tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, suna rayuwa cikin mutane tare da danginsu maimakon a kulle su a ɗaki.

Bayan wata shida 'yar yayan nawa ta same ni ta ce, "Baffa, ni wannan aikin nake so in karanta." Daga nan gardama ta tashi a gida, kuma gardamar ba kan sana'ar ba ce, kan makaranta ce. Mahaifinta yana so ta shiga jami'ar da in ya ambaci sunanta a majalisa kowa zai gyaɗa kai, ko da wani kwas daban za a ba ta. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da bai yi boko mai zurfi ba, ya tara kuɗin makaranta da allura da zare, yana da haƙƙin ya so abin da zai yi alfahari da shi. Sai dai da na shiga binciken lamarin, na tarar wannan sana'a tana da nata ma'auni, kuma bai cika dacewa da ma'aunin majalisa ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne manyan sunayen da muke ji ba duka ke koyar da ita ba. Jami'ar Harvard ba ta horar da masu O.T. Jami'ar Oxford ma haka. A birnin Oxford ɗin, jami'ar da ke koyar da ita ita ce Oxford Brookes, wadda da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali ita ce ta gaji Dorset House. Ashe shaharar jami'a daban, shaharar sashe daban. Jami'a na iya yin fice a shari'a ko injiniyanci, sashenta na O.T. kuwa ɗaki biyu ne da malami uku. Wata kuma ba a san ta a jarida ba, amma duk asibitocin yankinta ɗalibanta suke nema.

A Amurka, inda makarantun suka yi yawa har zaɓi ya zama ciwon kai, tsarin ya fito da abin fili. Hukumar ACOTE ce ke tantance kwas. Duk wanda ya gama wata makarantar Amurka da ba ta da wannan tantancewa ba zai zauna jarrabawar ƙasa ta NBCOT ba, kuma in babu jarrabawar babu lasisi. Jarrabawar kuwa guda ce ga kowa, ɗan babbar jami'a mai zaman kanta da ɗan ƙaramar jami'ar jiha. Ana wallafa adadin ɗaliban kowace makaranta da suka ci, kowa na iya dubawa. Jerin gwanayen makarantu da mujallar U.S. News ke fitarwa, wanda iyaye ke dogaro da shi, a wannan fanni an gina shi ne kan ra'ayin shugabanni da malaman makarantun game da junansu. Ra'ayin masana abu ne mai daraja, amma yana auna yadda aka san makaranta ne, ba ya gaya maka ko ɗalibi zai sami mai tsayawa a kansa ranar da zai fara naɗa roba a hannun mai ƙuna. Ga kuma kuɗi. Akwai makarantun da karatun ke wuce dala 100,000, kuma asibitin da zai ɗauki mutum aiki galibi lasisinsa da gogewarsa yake dubawa, albashi kuma ba ya ƙaruwa don sunan da ke kan takarda. Wanda ya ci bashi mai nauyi don suna zai yi shekaru yana biya da albashi iri ɗaya da na abokinsa da bai ci ba.

A Najeriya hukumar da ke riƙe da wuƙa da nama ita ce MRTB, wadda doka ta 38 ta shekarar 1988 ta kafa. Ita ke rajistar masu gashi, masu O.T., masu jinyar magana da ji, da masu haɗa ƙafa da hannun roba. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC wajibi ce, amma ba ta ɗauke buƙatar amincewar MRTB ba. Yaro zai iya shafe shekara biyar a kwas, ya fito da digiri mai kyau, ya tarar ba za a yi masa rajista ba saboda sashen bai sami tantancewa ba. Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ba a wajen makaranta ake neman amsarta ba, a wajen hukumar ake nema. Wanda ke da niyyar aiki a ƙasar waje wata rana sai ya ƙara da duba jerin kwasa-kwasan da WFOT ta amince da su.

Makarantun namu ba su da yawa. Akwai Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tsohuwa mai suna, da ke ba da digiri. Akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo, wadda aka buɗe a 2015, sabuwa ce kuma da yawa a Arewa ba su san ta ba. Akwai kuma Makarantar Tarayya ta O.T. da ke Oshodi a Legas, ƙarƙashin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wadda difloma take bayarwa. A nan akwai abin da ya fi suna nauyi, wato matakin shahadar. Mai difloma da mai digiri ba a mataki ɗaya ake ɗaukarsu a aikin gwamnati ba, kuma hanyar ƙaro karatu ba ɗaya ba ce. Difloma ba abin rainawa ba ce, na ga masu ita da hannunsu ya faɗa ƙwarai, amma ya kamata yaro ya shiga da saninsa, kada sai ya fito ya gane inda tsaninsa ya tsaya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne horon asibiti. WFOT ta sa sharaɗin aƙalla awa 1,000 na aiki da majiyyata kafin ɗalibi ya kammala. A Amurka zangon ƙarshe na wannan horo mako 24 ne cur. Amma awa dubu ba iri ɗaya ba ce. Ɗalibi na iya cika ta yana tsaye a bayan mutum goma sha biyar yana leƙe, wani kuma ya cika ta shi da malaminsa da majiyyaci su uku. Mu da muka tashi cikin masu sana'a mun san wannan. Yaran da Yaya ya yaye a shagonsa ba allon da ke ƙofar shago ne ya koya musu yankan wuyan kaftani ba, zaman da ya yi a gefensu yana warware ɗinkin da suka karkata ne. Haka O.T. take. Littafi zai gaya maka ma'aunin Barthel yana duba ayyuka goma, daga cin abinci zuwa hawa matakala, ya ba da maki har 100. Littafi ba zai koya maka yadda za ka ɗaga ƙaton mutum daga gado zuwa keken guragu ba tare da ka ja kafaɗarsa da ta saki ba, ko yadda za ka gane dattijon da ya ce yana iya tsarki da kansa kunya ce ta sa shi faɗa.

Saboda haka na gaya wa yarinyar ta tambayi kowace makaranta malamai nawa ne a sashen da su kansu masu O.T. ne masu rajista, ba aro daga wani sashe ba. Ta tambaya ina ake kai ɗalibai, kuma ko suna zagaya ɓangaren ƙashi, na ƙwaƙwalwa, na yara da na cikin al'umma, ko a wuri ɗaya ake ajiye su. Na ce mata ta nemi ɗaliban ajin ƙarshe ta tambaye su majiyyaci nawa kowannensu ya riƙe da kansa, domin su ba su da abin da za su tallata mata. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba na so a ɗauka ina cewa suna ba shi da amfani. Yana da shi, kuma yana da tushe. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta yi suna a wannan fanni saboda a can Jean Ayres ta yi aikinta kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke haɗa saƙonnin taɓawa, motsi da daidaito, aikin da har yau ake amfani da shi wajen yara masu galahanga, kuma a can aka fara digirin digirgir na kimiyyar ayyukan ɗan Adam a 1989. Wanda burinsa bincike ne ko koyarwa a jami'a, zama kusa da irin waɗannan malamai yana buɗe masa ƙofofi. Tsohuwar makaranta tana da tsofaffin ɗalibai a asibitoci da yawa, kuma hakan na taimakawa wajen samun gurbin shekarar horon bayan digiri, wanda samunsa a ƙasar nan ba wasa ba ne. Sabuwar makaranta kuma tana iya zama tana laluben hanya, kayan aiki ba su cika ba. Ƙanƙantar suna ba shaidar nagarta ba ce, kamar yadda girmansa ba shaida ba ne. Abin da nake cewa shi ne a tambayi sunan me yake ɗauke da shi a wannan sashe, a wannan shekara.

Akwai kuma abin da babu makarantar da za ta ba ɗiyar tamu, ita za ta je da shi. Yawancin littattafan sana'ar an rubuta su ne don gidan da ke da bahon wanka, masai na zama da tebur na cin abinci. Majiyyacinmu a tabarma yake ci, a tsugune yake kewayawa, matarsa a kujera 'yar tsugunno take tuƙa tuwo da muciya, ta goya yaro, ta ɗaura zani da hannu biyu. Mai kuturta da tafinsa ya daina jin zafi yana buƙatar a naɗe masa hannun tukunya da ƙotar fartanya, a koya masa duba hannu da ƙafa kowane dare. Yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana jariri yana buƙatar kujerar da za ta riƙe masa kai da ƙugu ya iya haɗiyar kunu, kuma kafintan unguwa ne zai ƙera ta in an zana masa. Littafin David Werner na 1987 kan yara masu naƙasa a karkara cike yake da irin waɗannan dabaru na katako da kwali. Makarantar da ke fita da ɗalibai zuwa gidajen mutane ta fi kusa da wannan rayuwa fiye da wadda ke da injuna masu tsada da ba za a same su a Gaya ko Illela ba.

Buƙatar kuwa a bayyane take. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasunsu a Kano suna ƙera kekunan guragu da hannunsu. Ga waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raunata, ga haɗarin babur, ga ƙunar wuta lokacin hunturu, ga masu amosanin jini da kan sami shanyewar jiki tun suna yara, ga matasan da ke fita daga shaye-shaye suna buƙatar a sake gina musu tsarin yini. Asibitin ƙashi na Dala, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware da Maiduguri, duk wurare ne da irin wannan aiki ke da gurbi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin shiga gine-gine da samun aiki, amma sai an sami wanda zai shirya mutum ya iya cin moriyar haƙƙin. Ina tuna yadda matar nan ta dogara da tafinta don ta fahimci abin da ke damun Yaya, sai in ga girman abin da mai O.T. Bahaushiya za ta iya yi a ɗakin mata, inda ba a faɗa wa baƙo komai.

Yaya bai koma kan keke kamar da ba. Yana zuwa shago, yana awo, yana zana yanka da alli, ya danne yadi da buhunan yashi ƙanana da matar ta ba da shawarar a ɗinka masa, yaransa su yanka su ɗinka. A shagon ne ranar wata Asabar ya kira 'yarsa ya tambaye ta, "Wai ita malamar nan da ta koya mini alwala, wace makaranta ta yi?" Ta ce, "Baba, wata shida muna zuwa wajenta, ba mu taɓa tambaya ba." Ya daɗe yana juya allin a hannunsa na dama. Daga nan ya ce in nemo adireshin hukumar rajistar, ni da ita mu rubuta mu tambayi waɗanne makarantu ke da amincewa a bana, kuma in an sami amsa zai biya mana kuɗin mota mu je mu ga sassan da idonmu kafin ta cike fom ɗin JAMB.